Fim ɗin George Jackson: da gaske a kan dala 70 ya ƙare rayuwarsa a kaso?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Akwai wanda ya kalli Black August, fim ɗin 2007 da Gary Dourdan ya fito a matsayin George Jackson, fursunan nan baƙar fata ɗan Amurka? A fadarmu aka sa mana shi a kwamfuta, da fassarar Faransanci a ƙasa, rubutun yana gudu kafin mutum ya gama karantawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne batun dalar Amurka 70. Da gaske a kan wannan kuɗin aka kulle shi har ya mutu a ciki, ko ƙarin gishiri ne irin na ƴan fim? Kuma gardama ta kaure tsakaninmu har shayi ya huce: wasu sun ce gwarzo ne mai kare haƙƙin fursunoni, wasu sun ce mai laifi ne kawai da Allah ya ba shi baiwar rubutu. Masu sani ku warware mana.

Malam Na Zango:
Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya ne. A 1961 aka yanke masa hukunci a Kalifoniya kan fashi da makami a gidan mai, dala 70, laifin da aka ce ya yi yana ɗan shekara 18. Yana da ƴan laifuffuka a baya, ba za a ɓoye wannan ba. Amma ka dubi irin hukuncin: daga shekara ɗaya zuwa rai da rai. Wato babu ranar fita a rubuce. Wani kwamiti ne ke zama lokaci-lokaci ya duba halin fursuna, in ya ga dama ya sake shi, in bai ga dama ba ya ce a sake zama baɗi. Haka suka yi ta yi masa har shekara goma, da yawansu a ɗakin kaɗaici. A can ya yi karatunsa, ya shiga tafiyar Black Panther, ƙungiyar gwagwarmayar baƙar fata a Amurka.

Fim ɗin ya fi zama a kan watannin ƙarshe na rayuwarsa, shi ya sa wanda bai san tarihin ba yake ruɗewa. A Janairun 1970 wani gardi a kason Soledad ya harbe fursunoni baƙar fata uku daga saman hasumiya, cikinsu har W. L. Nolen, abokin Jackson, aka ce gardin ba shi da laifi. Kwanaki kaɗan bayan nan aka kashe wani gardi, John Mills, aka ɗora wa Jackson da Fleeta Drumgo da John Clutchette. Su biyun kotu ta wanke su a 1972. Shi Jackson bai kai ba, an harbe shi a kason San Quentin ran 21 ga Agusta 1971. Ni a wurina mutum ne da aka zalunta ya ƙi yin shiru, kuma wasiƙun da ya rubuta wa iyayensa da lauyarsa sun fi fim ɗin nesa ba kusa ba.

Baba Gardi Mai Ritaya:
Malam, ka faɗi gaskiya amma ka tsallake wani wuri. Ranar da aka harbe shi akwai bindiga a hannunsa, kuma gardi uku da fursunoni biyu sun mutu a wannan ranar. Su ma ƴaƴan wasu ne, da mata da yara a gida. Kafin nan, a Agustan 1970, ƙanensa Jonathan, yaro ɗan shekara 17, ya shiga kotu da bindigogi ya yi garkuwa da alƙali Harold Haley, daga shi har alƙalin ba wanda ya tsira. Na yi wannan aikin har furfura ta fito mini, na san abin da ake ji in an buɗe ƙofa da safe kai kaɗai da maɓallai a hannu. Ban ce an yi masa adalci ba, wallahi ba a yi ba. Amma yaranmu na fada kada su ɗauki darasin bindiga daga fim.

Malam Na Zango:
Haka ne Baba, ban musa ba. Sai dai yadda bindigar ta shiga har yau ana ja-in-ja. Hukuma ta ce lauya Stephen Bingham ne ya shigo da ita, ya gudu shekaru, ya dawo, kotu ta wanke shi a 1986. Kuma washegarin mutuwar Jackson fursunonin kason Attica a New York suka ƙi cin abinci don juyayi. Makonni kaɗan bayan nan tawaye ya tashi a can, mutum 43 suka rasa rayukansu.

Yar Garin Malam:
Ni ban kalli fim ɗin ba, amma maganar Malam ta "babu ranar fita" ita ta sa na kasa wucewa. Ƙanena yana tsare fiye da shekara kan zargin babur na sata da ya saya bai sani ba, har yau ba a yi masa shari'a ba. Ni nake kai masa abinci. A ƙofa sai an tsaga tuwon da cokali an duba, a juya miyar, sannan a karɓa. Da farko in na je yakan tambaye ni, "Yaya, me lauya ya ce?" Yanzu ya daina tambaya, sai ya ce in kawo sabulu da maganin ƙaiƙayi. Wanda aka yanke wa shekara biyar yana ƙirga kwanakinsa, shi ba abin da zai ƙirga. Baba, ba na goyon bayan kisan kowa, amma na gane yadda zuciyar yaro take bushewa a irin wannan zaman.

Baba Gardi Mai Ritaya:
Allah ya fitar da shi, ƴata. Kada ki gaji da zuwa wajen magatakardan kotu, ki riƙa tafiya da lambar takardar ƙararsa. Fayil ɗin da ba a bibiya shi ke kwana a ƙasan tari.

Ɗan Birni:
Amin. Na gode muku duka. Malam, wasiƙun nan ana samunsu da Faransanci?

Malam Na Zango:
Akwai. Les Frères de Soledad, marubucin Faransa Jean Genet ne ya rubuta gabatarwa. Ina da tsohon kwafi, bangon ya yage amma shafukan sun cika. Ka zo bayan la'asar ka ara, ka karanta wa ƴan fadarku.