Wai su wa suka yi fito-na-fito da Turkawa a Albaniya?

Ɗan Maiurno: Salama jama'a. Jiya muna shan shayi a Sinnar wani malami yake cewa Muhammad Ali Basha, mai mulkin Masar da ya turo sojoji Sudan a 1820 asalinsa ɗan Albaniya ne, amma wai kakannin mutanensa sun daɗe suna faɗa da Daular Usmaniyya ta Turkawa, gaskiya ne?

Baba Alhaji: Gaskiya ne ɗana. Akwai Skandabeg na gidan Kastirioti, Turkawan ne ma suka raine shi har ya zama kwamandansu, a 1443 ya juya musu baya ya kama garin Kuruya, a 1444 ya tara manyan gidaje a Lezha, su Ariyaniti da Dukajini da Muzaka, suka haɗa kai.

Ummu Kasala: Baba ka manta auren siyasa, ƴar gidan Ariyaniti ya aura fa. Kuma haɗin kan nasu ba wani na kirki ba ne, har ɗan ɗan'uwansa Hamza ya koma wajen Turkawa.

Baba Alhaji: Haka ne ƴata. Duk da haka Sarkin Turkawa Murad na biyu da kansa ya kewaye Kuruya a 1450 ya koma hannu rabbana. Sai da Skandabeg ya rasu a 1468, bayan shekara goma garin ya faɗi.

Ɗan Maiurno: Ikon Allah! Na gode Baba.