Wace kalma za mu ba wa jirin kallon bidiyon 3D?

Malamin Kimiyya, Ringim: Jama'a, ana neman suna. Mutum ya sa tabarau yana kallon bidiyo mai zurfi, wato 3D, sai hamma, yawu ya taru a baki, gumi mai sanyi, wani har amai. Na kawo "hajijiyar allo".

Jami'ar Lafiya, Gaya: Malam, hajijiya ita ce ka ga ɗaki na juyawa, kuma ba kowa ke kaiwa nan ba. A can cikin kunne akwai 'yan bututu 3 masu ruwa da ke auna juyawar kai. Ido ya ce ana gudu, kunne ya ce ana zaune, ƙwaƙwalwa ta rasa na gaskatawa, zuciya ta tashi. Irin na motar kasuwa ne, sai dai a juye: a mota jiki ne ke tafiya. "Jirin kallo" ya fi dacewa.

Mai Gwajin Ido, Kazaure: Na bi Hajiya. Amma shekaru na raba abin. Jariri ƙasa da shekara 2 da wuya mota ta sa shi amai, abin ya fi kama 'yan 6 zuwa 12, sannan ya lafa. A 3D akwai ƙarin wahala: idanu biyu suna haɗuwa kan abin da ya yi kamar ya fito gaban hanci, alhali ƙwayar ido na saita gani a kan allo. Ƙwayar idon yaro na da laushi, ita ke shan wannan ja-in-ja. Bayan 40 takan fara tauri, sai abin ya ragu. Kamfanin Nintendo ma ya ce kada ɗan shekara 6 zuwa ƙasa ya kunna 3D a na'urarsa ta wasan bidiyo mai suna 3DS.

Jami'ar Lafiya, Gaya: To dattijo fa, ranka ya daɗe? Ma'aunin kunnensa ya yi rauni, tafin ƙafa ya rage ji, da ido yake dogara wajen tsayuwa. Hoto ya karkata, shi ma ya karkata. Ba lalle ya ji amai ba, amma yana miƙewa sai ka ga hannu na laluben bango. Ya kalla a zaune kan tabarma, minti 10 ya huta, ya dubi abu mai nisa, kada ya hau babur sai kai ya washe.

Malamin Kimiyya, Ringim: Ashe kalma biyu muke nema. Jirin kallo ga tashin zuciya, tangaɗin kallo ga na dattawa. Na janye hajijiyata.

Mai Gwajin Ido, Kazaure: Wasu za su ce juwa, ba jiri ba. A bar musu.