Abokina ya ɓace min a ƙarƙashin ruwa a Dahab, yanzu wai ni ne mai laifi

Ɗalibin Alƙahira: Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ba ni shawara, kaina ya kulle. Ni da abokina tun firamare muke tare, ɗaki ɗaya muke a nan Masar, kuɗin kwas ɗin nutso ma ni na ranta masa, bai biya ba har yau, amma ba wannan ce maganar ba. Jiya muka shiga Bahar Maliya a Dahab da tukwanen iska, muna wajen mita 18, na juya ban gan shi ba. Na yi ta nema, na ƙara gangarawa don ina zaton nutsewa ya yi. Da na duba agogon da ke nuna sauran iska, na ga ta kusa ƙarewa, sai na yo sama da gudu. Ina fitowa na tarar da shi a saman ruwa yana jira! Yanzu yana fushi wai na so kashe kaina, ni kuma ina ganin shi ya gudu ya bar ni. Wa ke da gaskiya? Kafaɗata ma tana ɗan ciwo, gobe kuma jirginmu na Kano.

Na Fatakwal: Ƙanena, abokinka ne mai gaskiya, ba ja. Aikin ruwa nake ci da shi. Ƙa'ida ita ce: ka duba kewaye, sama da ƙasa, ka ƙwanƙwasa tukunya da ƙarfe, minti 1 kacal. Ba ka gan shi ba, ka hau a hankali ku haɗu a sama. Wannan PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso, na koyarwa tun kwas ɗin farko. Takardar shaidar nutsonka ta matakin farko iyakarta zurfin mita 18 ce, me ya kai ka ƙasa? Daga wajen mita 30 naitirojin, wani sinadari da ke cikin iskar da kake shaƙa, ke fara juya kai kamar maye.

Maman Biyu: Allah ya kyauta. Amma ni fa a barni da ƙa'ida, aboki ba ya tafiya ya bar ɗan'uwansa. Haka wata ta yi min a Mina wajen jifa, muka rabu cikin cunkoso, ta koma tanti ta ci abincinta. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Ɗalibin Alƙahira: Yauwa Hajiya, abin da nake nufi ke nan. Da ya mutu fa, me zan gaya wa mahaifiyarsa? Na nemi ɗanki minti ɗaya?

Na Fatakwal: Da ta karɓi gawa biyu. Idan da gaske ya ɓace, a sama ne za ka kira masu ceto, a ƙasa ihunka ba mai ji. Kuma ku bar batun laifi, ciwon kafaɗar nan shi ne magana. Hawa kada ya wuce mita 18 a minti, yawancin agogunan nutso na yanzu ma rabin haka suke so, sannan a tsaya minti 3 a mita 5. Kai ka taso kamar kwalba. Naitirojin na iya yin kumfa a jini da gaɓoɓi. Akwai ɗakin matsin iska, inda ake jinyar irin wannan ciwon, a Dahab da Sharm el-Sheikh, ka tafi yau a duba ka. Kada ka hau jirgin nan.

Bayauri: Yallaɓai kada ka tsorata yaro. Masuntanmu kullum suna kurme ba abin da ke samunsu. Nauyin tukunya ne, ya shafa man zafi ya gasa da ruwan ɗumi.

Na Fatakwal: Masunci numfashi ɗaya yake riƙewa, ba ya shaƙar iska mai matsi a ƙasa. Ruwan zafi ma ƙara ta'azzara shi yake. Don Allah wanda bai sani ba ya yi shiru.

Maman Biyu: Wai ina jagoranku yake duk wannan abin?

Ɗalibin Alƙahira: Wannan doguwar magana ce. Batun jirgi kuma, an ce awa 18 ake jira bayan nutso kafin a hau, ni zan wuce awa 40. Tikitin ba a mayar da kuɗi, ga bikin yayata.

Na Fatakwal: Awa 18 na mai lafiya ne, ba mai ciwo ba. Akwai jin kamar tafiyar kiyashi a hannun? Yaushe ciwon ya fara?

Ɗalibin Alƙahira: Zan gani zuwa safe in sha Allah. To amma shi ba zai ba ni haƙuri ba ke nan?