Ƙaya ta hana kekena sakat, 'yan zaure a taimaka da shawara

Malamin Firamare: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da war haka. Shawara nake nema. Ina koyarwa a wani ƙauye ta wajen Gumel, kuma da keke nake zuwa, Phoenix ne mai taya 28. Tun da aka fara yankan gero ƙaya ta sako ni gaba. Tiyub ɗin baya duk faci ne, har wani kan wani. Abin da ya fi ci mini rai, sai a yi faci da yamma, gari na wayewa in tarar da taya a kwance. Hanyar burtali ce, yashi a tsakiya, gonaki dama da hagu. Wanda ya san dabara don Allah ya faɗa.

Baba Mai Faci: Wa'alaikumus salam Malam. Yarona ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Kafin a sa ka kashe kuɗi, amsa mini wannan. Mai yi maka facin nan, yana fitar da tayar ya shafa cikinta, ko tiyub ɗin kawai yake zarowa ta gefe?

Malamin Firamare: Ta gefe yake zarowa Baba, ya tsoma a ruwa, ya liƙe, ya mayar.

Baba Mai Faci: To ga ɓarawonka nan. Ba sabuwar ƙaya ce ke hudaka kullum ba, ta jiya ce tana nan a jikin tayar. Ƙaya in ta shiga, gindinta yana karyewa a hanya, tsinin ya maƙale cikin roba. Ta waje ba za ka gan shi ba, wani sa'in ma ta ciki sai an lanƙwasa tayar yake leƙowa. Ka liƙe huda, ka mayar da tiyub a kan tsinin, ka buga iska, ya sake cinsa kusa da facin. Shi ya sa kake ganin faci kan faci a wuri guda.

Ga yadda za ka sa a yi a gabanka. Kafin a zare tiyub, a sa alli a jikin taya daidai bawul. In an gano hudar, a ɗora tiyub ɗin a kan tayar, bawul a kan allin, sai a duba daidai inda hudar ta faɗa. A juya wurin ciki ya koma waje a rana, a matsa da yatsu biyu, za ka ga ɗan baƙin ɗigo ko fari. Da allura ko tsinken fil ake turo shi, daga ciki zuwa waje. Bayan nan a zagaye cikin tayar duka da tsumma ko auduga, duk inda akwai tsini za ta kama. Kar a yi da yatsa tsirara da sauri, in waya ce ko gilas sai jini.

Malamin Gona: Gaskiyar Baba ce. In kuma ƙara da cewa lokacin da Malam ya ambata ba banza ba ne. Tsaidau ne. Da damina yana nan shimfiɗe a ƙasa da 'yar furensa rawaya, ba wanda ya damu da shi. Da kaka ta yi sai 'ya'yan su bushe su zube. Kowane ɗa yana rabewa gida biyar, kowane gida da ƙaya biyu masu tauri, kuma duk yadda ya faɗi sai tsini ya kalli sama. Irinsa yana shekaru a ƙasa bai mutu ba, shi ya sa wurin da ya saba fitowa duk shekara nan ne. Ya fi son gefen hanya, filin makaranta, bakin kasuwa, inda ƙasa ta taku kuma ciyawa ba ta da yawa. Malam, ka duba harabar makarantarku ma, mai yiwuwa ba a burtali kake kwasowa ba.

Abban Sadik: Ni da na ɗauka ƙarangiya ce ke wannan aikin.

Malamin Gona: Ƙarangiya ta wando ce da safa, da wuya ta ratsa taya sai dai in ta suɗe. Masu ratsawa kai tsaye su ne aduwa da bagaruwa da farar ƙaya. Su kuma ba da kansu suke zuwa hanya ba, mu ne muke kawo su. Manomi ya saro reshe ya ja shi a ƙasa zuwa shingen gonarsa, makiyayi ya sassaro wa awaki ganye ya bar rassan, mai amalanke ya ɗebo itace yana zubarwa. Bayan girbi kuma dabbobi su tarwatsa shingen, yashi ya binne ƙayar.

Na Maraɗi: Salamu alaikum, ina gaisuwa ga manya. Mu nan abin da muka sani shi ne ninki. Ka samu tsohuwar taya wadda ta suɗe, girmanta ɗaya da taka. Ka yanke bakinta duka biyu, inda wayar take, ka bar tsakiyar kawai. Ita za ka shimfiɗa cikin tayarka sannan tiyub ya biyo. Tsaidau gajere ne, ba ya iya ƙetare taya biyu. Masu kai madara da masu ɗauko itace daga daji da shi suke aiki. In babu tsohuwar taya, a tsaga tsohon tiyub a yanke bawul ɗin a naɗe sabon da shi, amma bai kai taya ba.

Baba Mai Faci: Na Maraɗi ya kawo magana. Sai dai a yi ta da kyau, don ninki da kansa yana huda tiyub. Inda bakin biyu suka haɗu, in an bar shi da kaifi, yana goga har ya ci. A fere shi da reza ya yi siriri, a bi da samfefa, a rufe mahaɗar da guntun tiyub. Sannan a barbaɗa hoda a ciki, irin ta jarirai ma ta yi, don kada zafi ya manne su. Kuma Malam ka sani keke zai yi nauyi a ƙafa, musamman cikin yashi. In ba ka son nauyin, yi wa ta baya kaɗai, ita ce ke ɗauke da kai da littattafanka.

Ɗan Tsere: Baba da girmanka, duk wannan aikin jiya ne. Yanzu ruwa ake zubawa. Akwai Slime, kore ne, a jikin robarsa an rubuta yana toshe huda har ta milimita 3, kuma wajen mililita 120 ake zuba wa taya ɗaya. Ka kwance ƙwayar bawul, ka matsa ruwan ciki, ka mayar, ka buga iska, ka juya wili. Ƙaya na shiga iska za ta turo ruwan cikin hudar ya toshe. Ni nawa ma ba tiyub, tubles ne, in mun fita bayan gari ranar Lahadi ina dawowa da ƙaya a jikin taya, iska ba ta sauka ba.

Baba Mai Faci: Ɗana, kekenka nawa ka saye shi?

Ɗan Tsere: Baba kar mu je nan 😂

Baba Mai Faci: Ai dole mu je. Tubles yana son rim ɗinsa da tayarsa, rim ɗin Phoenix ba zai riƙe ba. Ruwan cikin tiyub kuwa ban ce ba ya aiki ba, 'yan acaɓa suna sawa ina gani, kuma a kan tsaidau yana yi. Amma ran da aduwa ta tsaga, ko ƙusa, ni za a kawo wa. Ruwan yana tsattsafowa ta hudar, sholisho ba ya kama wuri mai danshi, sai an matse an wanke an shanya. Ga shi yana toshe bawul irin na kekunanmu, ka yi ta buga famfo iska ba ta shiga. In Malam zai sa, ya nemi tiyub mai bawul irin na mota, ya tabbata zai shiga ramin rim ɗinsa.

Ɗan Tsere: Wannan kam haka ne. Kuma farin ruwan da muke sa wa tubles zafinmu yana busar da shi, bayan 'yan watanni sai an ƙara. To Malam ga wata hanyar. In ka shiga wajen masu kayan keke 'yan Kwatano, ka duba taya mai suna Schwalbe Marathon Plus, ta Jamus ce. A ƙarƙashin inda take taka ƙasa akwai wata shuɗiyar roba mai kaurin milimita 5. Ninkin Na Maraɗi ne dai, amma daga kamfani. Ka lura da lamba kawai, domin 28 iri biyu ne. Na Phoenix da Raleigh 28 x 1½ ne, za ka ga 635 a gefen tayar. Yawancin na Turai 622 ne, ba za su hau rim ɗinka ba ko ka kwana kana fama da liba, ƙarfen ɓanɓare taya.

Malamin Firamare: Allah Ya saka. Da ban san wannan ba da na sayo asara.

Abban Sadik: Wani ya taɓa gaya mini ana zuba madarar gwangwani a tiyub, wai in ta yi tsami tana toshe huda. Wani kuma ya ce kunun kanwa.

Hajiya Mai Ɗinki: Abban Sadik a bar wa yara madararsu don Allah.

Baba Mai Faci: An taɓa kawo mini irinsa. Da na buɗe bawul sai da masu zama a bencina suka tashi.

Hajiya Mai Ɗinki: Baba tunda kana nan, ni ma ga tawa. Keken jikana ne, ko ƙofar gida ba ya wucewa, tsakar gidan kuma siminti ne, amma kullum a sace. An kai faci an ce ba a ga huda ba.

Baba Mai Faci: Hajiya wannan ba ƙaya ba ce, bawul ne. A buga iska, a shafa yawu a bakin bawul ɗin. In ya yi kumfa ya fashe, shi ne. Irin na da akwai 'yar siririyar roba da aka zura a jikin ƙwayar, rana tana cinye ta ta tsattsage. A canza ta ko a sayi sabuwar ƙwaya, kuɗinta bai kai na faci ba. Kuma a daina jingine shi a rana.

Tunda an zo nan, huda tana faɗin wanda ya yi ta. Ɗigo ɗaya ta bayan tiyub, ƙaya ce. Tsaga biyu a jere kamar saran maciji, iska ce ta yi kaɗan rim ya datse tiyub a rami ko kan dutse. In kuwa ta cikin ciki ce, ɓangaren rim, kan sifok ne ya fito, ko robar da ke rufe su ta goce. Wannan ko ninki goma ka sa ba zai hana ba.

Bahaushen Kasala: Gaisuwa daga Sudan 'yan uwa. Ku gode wa Allah da tsaidau. Mu nan muskit ne ya cinye bakin kogin Gash, itacen da aka shigo da shi ƙasar tun 1917, aka yi ta dasa shi don tare hamada, ya zo ya fi ƙarfin kowa. Ƙayarsa tana ratsa takalmi, har tayar mota tana hudawa. Abin da zan ƙara bai wuce ɗabi'ar tuƙi ba. Ka bi sawun da babura da amalanke suka daddaɓe, kar ka kauce gefe don gudun yashi, a gefen ƙayar take. In ka zo ƙarƙashin itace mai ƙaya ko inda aka ja shinge, sauka ka ɗaga keken. In dole ta sa ka ratsa ciyawa, kana fita ka tsaya ka juya taya ka kakkaɓe. Tsaidau ba ya shiga lokaci ɗaya, mannewa yake, kowane juyi yana ƙara nutsewa.

Ɗan Tsere: Sai dai wanda ya zuba ruwa, in ya zare ƙaya ya juya wilin nan take, hudar ta koma ƙasa ruwan ya taru a kanta. Wanda bai zuba ba kuma ya ga ta riga ta nutse, gara ya bar ta ya ƙarasa gida, ita ce toshiyar.

Na Maraɗi: In ta ritsa da kai a daji ba kayan aiki, ka fiddo tiyub ka ɗaure hudar tam da tsirin roba, dama da hagu, ka mayar ka buga. Zai riƙa ɗingishi amma zai kai ka gari. Wasu suna cusa ciyawa cikin taya, ni ban so, tana wahal da rim.

Malamin Firamare: Ina ganin gara in koyi facin da kaina, don in na tsaya a hanya babu mai faci sai na turo keke har bakin titi. Baba me zan riƙe a jaka?

Baba Mai Faci: Famfo, liba biyu, samfefa, sholisho, faci, da allura. In da hali ƙara da tiyub guda, a hanya ka canza, a gida ka liƙe a natse. Kar ka ɓanɓare taya da sukundireba, yana cizon tiyub. Wurin liƙin kuma gaggawa ce ke ɓata wa mutane. Ka goge wurin ya fi facin faɗi, har ƙyallin robar ya tafi. Shafa sholisho kaɗan, siriri. Sai ka jira kamar minti 5 ya bushe, ya daina sheƙi. Mutane suna ganin in ya bushe ya lalace, alhali a lokacin yake kamawa. In facin na kanti ne, ɓare takardar ka ɗora, kar yatsa ya taɓa fuskarsa. In daga tsohon tiyub ka yanko, shi ma a goge shi a shafa masa, a zagaye kusurwoyinsa da almakashi. Danna da gindin liba daga tsakiya zuwa baki. Da za ka mayar, ɗan sa wa tiyub iska kaɗan ya yi siffa don kada ya naɗe.

Shugaban Zaure: A yi haƙuri in sa baki. Malam, makaranta kake zuwa, sholishon nan kar a bar shi a kariyar keke ko cikin aji. Kowa ya san abin da wasu yara suke yi da shi.

Malamin Firamare: In sha Allahu, ranka ya daɗe. Baba, tiyub ɗin nan nawa mai faci kan faci, in ci gaba da shi ko in jefar?

Baba Mai Faci: Kar ka jefar, kuma kar ka mayar. Faci a kan bakin wani facin ba ya zama. Sayi sabo, tsohon ka yanka shi, rabi ka rufe mahaɗar ninki, rabi ka ajiye na faci da ɗauri. Ka duba tayar ma, in zare ya fara bayyana a tsakiya ita ce za ta zama ninkin, ka sayo wata ka ɗora a kai.

Hajiya Mai Ɗinki: Baba an gwada yawun, ya yi kumfa. Ƙwayar bawul ɗin duk iri ɗaya ce ko sai na aika da keken?

Baba Mai Faci: A kwance ta a ba yaro ya je da ita, Hajiya. A riƙe ɗan notin da ke ɗaure ta kar ya ɓata.