Turmina ya tsage: in cire ko in sa masa hula?

Baban Ilham: Salamu alaikum. Sati biyu ke nan, ina cin shinkafa da wake a wajen aiki na taune tsakuwa da turmin ƙasa na dama, na biyun ƙarshe. Ƙas! Har tsakiyar kaina na ji. Haka kawai ba ya ciwo, sai in na ciza abu, kuma lokacin da na saki ne yake tsira min kamar allura. Likita ya ce tsagewa ya yi amma tsagar ba ta kai saiwa ba. Ko a cire, ko a kashe jijiya a sa hula, wato murfin da ake kifa wa haƙorin. Shekarata 34, kuma uwargida ta ce ina cizon haƙora cikin barci. Wanda ya taɓa sa hular, tana jure tauna kuwa?

Ɗan Rigasa: Kanumfari, Malam. Ka daka ka cusa a ramin, kwana uku an gama.

Baban Ilham: Ai babu rami, tsaga ce.

Maman Walid: Ɗan'uwa, ni ce zan ba ka labari. An kashe min jijiyar turmin sama a wani asibitin kuɗi, zuwa uku, kowane zuwa sai na bar shago a Kasuwar Barci na hau Keke. Aka yi ciko, aka ce in dawo a sa hula. Da na ji ciwo ya tafi sai na share, kuɗin ma na saka su a adashi. Wata bakwai lafiya lau. Ranar sunan ƙanwata na ɗauki aya guda ɗaya, busasshiya, wallahi guda ɗaya, haƙorin ya rabe biyu kamar an fasa goro. Rabi na lilo a jikin dasashi, rabi na tsaye. Da na koma suka ce tsagar ta gangara saiwa, sai cirewa. Na biya kuɗin jijiya, na biya na cirewa, ga giɓi. Abin da ya fi min ciwo, ba wanda ya zaunar da ni ya ce hular ba ado ba ce. Yanzu shekara biyu da hagu kawai nake tauna, naman Sallah sai an daka min kamar tsohuwa.

Ɗan Rigasa: Hajiya ai da kin sa haƙorin Makka, a riƙa ce miki kin sauke farali.

Maman Walid: A turmin? Wa zai gani, sai in riƙa wangale wa mutane baki?

Sadiya U/Rimi: Ni dubu 80 na sa hula bara.

Injiniya: Dubu 80 a ina? Dubu 180 aka ce min a Barnawa, ban da kuɗin jijiya.

Sadiya U/Rimi: Tawa ta ƙarfe ce mai rufin fari. Ƙila taka zakoniya ce, farar nan mai tauri da babu ƙarfe a cikinta.

Ummu Hani: Baban Ilham, a sashen haƙori nake aiki. Muƙamuƙi kamar filaya yake, kusa da gindi ya fi ƙarfi, shi ya sa turmi ke ɗaukar nauyin da kan kai kilo 50 zuwa 70 in mutum ya ciza da iyakar ƙarfinsa. Farin ɓawon haƙori ya fi ƙashi tauri, amma ba ya lanƙwasa kuma ba ya tofowa. In ka ciza tsagar takan buɗe, in ka saki ta rufe, shi ne zafin da kake ji. Hula ɗaure haƙorin take ta ko'ina kada ya ci gaba da rabewa. In ka cire ka bar gurbin, na gefe sukan karkato, na sama ya zazzago. Kuma wannan cizon na dare, ka sa a auna maka robar da ake kwana da ita, in ba haka ba hular ma za ta ji jiki.

Injiniya: Likita ce ke ko mai miƙa auduga? Don ku kullum abu mai tsada kuke tallatawa. Mahaifina goro da rake ya ci har ya shekara 80, asuwaki kawai.

Ummu Hani: Malam, ka taɓa leƙa bakin Baba? Ka duba ko turamensa ba su shafe kamar dutsen niƙa ba.

Maman Walid: Ku ƙyale shi, wanda bai ji aya ta fasa masa haƙori ba sai ya yi ta lissafi.

Ɗan Rigasa: Ni duk laifin masu shinkafa nake gani. Ka sayi mudu da tsada, a ce maka an cire tsakuwa, ka zo gida uwargida ta rege ta cika murfin kwalba.

Sadiya U/Rimi: Wake ya fi. Jiya har guntun ƙusa na tsinta.

Injiniya: Shanyar bakin titi ce. Ku bi hanyar Zariya lokacin kaka ku ga inda ake baza ta.

Baban Ilham: To jama'a, hular dai, ta ƙarfen ko ɗayar?

Ɗan Rigasa: Tukuna, a wane shago ka ci shinkafar?