Wace kalma za mu ba Otherworld?

Mai fassara: Malamai, a taimaka. A littattafan zane na Marvel akwai ƙasar da ake kira Otherworld, ta matsafi Merlyn da 'yarsa Roma, waɗanda suka ba jarumi Captain Britain ƙarfinsa tun fitowarsa a 1976. Wasu suna rubuta "lahira". Ta dace?

Malamar adabi: Ba ta dace ba, Malam. Wa ya je lahira ya dawo? Marvel sun ɗauko ta ne daga tatsuniyoyin Ailan da Wales. Mutanen Ailan suna da Tír na nÓg, wato ƙasar matasa, na Wales kuma Annwn. Mai rai yana shiga ta cikin tudu ko kogo, ko ya ƙetare teku yamma, kuma yana iya komowa. Sai dai lokacin can ba irin namu ba ne. Oisín, jarumin tatsuniyar Ailan da ya je Tír na nÓg, ya dawo ya tarar shekara 300 sun wuce, ƙafarsa na taɓa ƙasa ya tsufa nan take.

Mai zane: To "Jangare" fa? Ko "duniyar aljanu"?

Malamar adabi: Jangare birnin iskokin bori ne, yana da masu shi. Ka sa shi, mai karatu zai fara jiran Sarkin Aljan a fadar Sarki Arthur na tatsuniyar Birtaniya, wanda ke cikin labarin. "Duniyar aljanu" kuma ta yi ƙunci, domin a labarin akwai 'yan Adam da sarakuna da fadar da ke gadin sauran duniyoyi.

Mai fassara: "Wata duniya" ma ta ƙi. Marvel suna da duniyoyi birjik masu lamba, irin su 616. In jarumi ya ce "zan tafi wata duniya", wacce?

Mai zane: Ni dai "Duniyar Ɓoye" na zaɓa. Muna cewa "mutanen ɓoye" don gudun kiran sunansu, kamar yadda mutanen Ailan ke sakaya nasu da "mutanen kirki". Gaɓa biyar ce, tana shiga da'irar da ake rubuta magana a cikin zane ba sai an rage girman rubutu ba.

Malamar adabi: Na yarda, Malam, da manyan baƙaƙe D da Ɓ. Amma kar a haɗa ta da Abalon, tsibirin tuffa inda aka kai Arthur jinya. A labaran 2020 Abalon masarauta ɗaya ce kawai a cikin Duniyar Ɓoye, a bar mata sunanta.