Waye ɗan ci-rani a Kubwa?

Baban Khalifa: Salamu alaikum 'yan unguwa. Yau sai na faɗa, mai jin haushi ya ji. Khalifa yana aji huɗu, jiya na miƙa masa takardar kuɗin wuta ya karanta min, ko sunana bai iya haɗawa ba. Yaron da surutunsa ke hana mu barci, yanzu da an ce makaranta sai ciwon ciki ya tashi. Wani farfesa, John Hattie, ya yi bincike a 2003, ya ce bambancin ƙoƙarin ɗalibai kusan kashi 50 cikin ɗari daga yaron ne, 30 daga malami, gida kuwa 5 zuwa 10 kacal. To namu malaman sun zama 'yan ci-rani, su sa hannu a rajista su tafi kabu-kabu.

Ɗan Sakkwato: Wa alaikumus salam. Alhaji, me ci-rani ya yi maka? Neman halal ne fa. Da shi iyayenmu suka riƙe gida.

Malama Hauwa: Ka bar shi, ƙanena, mu ne 'yan ci-ranin. Daga Maris har Yulin 2025 malaman firamare na Abuja muna yajin aiki kan albashin naira 70,000 da ƙananan hukumomi suka ƙi aiwatarwa. Wata uku da ɗori! Ban ga Alhaji ya kawo farfesa a lokacin ba.

Baban Khalifa: Malama, ba da ke nake ba.

Malama Hauwa: Da wa kake? Malamai nawa ne a zauren nan?

Ɗan Sakkwato: Ni dai a janye kalmar. Duk wanda ke Abuja in ba Gwari ba ne, ci-rani ya kawo shi. Shi ma Alhajin da Sallah Zariya yake gudu.

Ayuba Bwari: Gbagyi ake cewa, Malam. Sau nawa zan gyara muku?

Ɗan Sakkwato: Afuwan, maigida. Haka muka taso muka ji.

Ayuba Bwari: Ku daina ji. Kuma ɗan ci-rani da damina ta faɗi yake komawa gona. Ku kun shekara talatin, kun gina benaye, ba ku da niyyar tafiya.

Injiniya: Ayuba, Abuja ta kowa ce tun dokar 1976. Ba mu ƙwaci filin kowa ba, da takarda muka saya.

Ayuba Bwari: A hannun wa?

Maman Hanan: Jama'a, yaro ake cewa yana tsoron makaranta fa. Baban Khalifa, ka tambaye shi ko dukansa ake yi? Tawa haka ta yi, ashe malamin lissafi ne ke kiranta daƙiƙiya a gaban aji. Da aka sauya mata aji sai ga ta tana riga kowa shiri.

Injiniya: Mu da aka zane da dorina ba ga mu ba? El-Rufai ne kawai ya gane maganin abin. A 2017 ya ba malamai 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka faɗi, ya sallame su.

Malama Hauwa: Ka je Kaduna ka zauna mana. A ba ka yara tamanin a aji ɗaya, rabi a ƙasa, babu alli, mu ga injiniyancin.

Injiniya: Anti, ba faɗa ba ne, lissafi ne.

Malama Hauwa: Ni ba antinka ba ce, na girmi yayarka.

Ɗan Sakkwato: Har yanzu dai ba a janye ba.

Baban Khalifa: Na janye ci-rani. Na mayar da 'yan ga-ruwa.

Ɗan Sakkwato: La ilaha illallahu! Yanzu kuma masu ruwa ka koma? Gobe ka jawo kurarka da kanka.

Maman Hanan: Ba wanda ya amsa min maganar duka.

Alhaji Admin: To, ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da aka cimma. Kowa ya yarda binciken farfesa ya tabbatar makarantar gwamnati ta mutu, kuma yaro ba ya samun kulawa sai inda ake biyan kuɗi ana sa wa malami ido. Maganar ci-rani an yafe wa juna. Ayuba, batun fili a kai shi wani zauren. Mai son fom na sabon zango ya same ni a ofis bayan La'asar, akwai ragi ga 'yan unguwa.

Malama Hauwa: Wa ya yarda? Ina farfesan ya ambaci makarantar kuɗi? Nawa kake biyan naka malaman, Alhaji?

Alhaji Admin ya rufe zauren, shi kaɗai ke iya aiko saƙo.